Busasshiyar Ƙafar Abu Saif

Duk wanda ya taɓa zuwa mashigar Abhur da safiyar ranar hutu ya san hayaniyar wurin. Motoci na sauke iyalai, maza na jan kulolin ƙanƙara, 'yan mata na ɗaukar hoto tun kafin a hau ruwa, masu jirage kuma na ƙwala kiran waɗanda suka yi alkawari da su. A cikin masu jiragen akwai wani dogon mutum baƙi mai furfura a gemu, wanda ba ka ganinsa sai da takalmin roba mai tsawo har ƙwauri, komai zafin Jidda. Sunansa Abdulghani, amma a bakin ruwa Abu Saif ake ce masa, ko kuma Rayyis, wato mai tuƙin jirgi. Ya haura shekara talatin yana kai masu yawon hutu tsibirai da duwatsun murjani da ke arewa da gari. Ya koya wa mutanen da ba za su ƙirgu ba yadda ake saka gilashin nutso a leƙa ƙarƙashin teku. Shi kansa kuwa, har zuwa bara, bai taɓa shiga Bahar Maliya ba, ko iya idon sawu.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Nuzla. Ina yaro na san shi da warin fetur da gishiri, da ledar kifi da yakan miƙa wa gidanmu in ya dawo. Daga baya aka tura ni karatu Zariya, na daɗe a can. Abokan karatu suka yi ta tambayata labarin teku, ni kuwa ɗan Jidda ban san komai a kansa ba sai zaman Kurnish, wurin shan iska na bakin gaɓa, da cin gyaɗa. Da na dawo, abin da na fara roƙon Kawu Abdulghani ke nan, ya tafi da ni.

"Yalla, ya ustaz," ya ce. "Amma a jirgina ba digiri. Kowa ɗan aji ɗaya ne."

Jirgin na kafilinsa ne, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, fari, mai rumfa, yana ɗaukar iyali guda da kayansu. Kafin a fita fili akan tsaya a shingen masu tsaron gaɓa su duba takardun kowa. Ya tattara namu ya haɗa da iƙamarsa, takardar izinin zama, wadda a jikinta aka rubuta shi ɗan Nijeriya ne, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Daga nan gine-ginen Jidda suka fara ƙanƙancewa a bayanmu, ruwan ya yi duhu, jirgin ya riƙa dukan igiyar ruwa yana tashi. A hanya ya rage gudu ya nuna mana ayarin abu salama, kifayen nan masu wasa da wasu ke kira dolfin, suna tsalle a gefenmu. Wata mata daga Riyad da ke cikin jirgin ta yi ta kabbara kamar ta ga watan Sallah.

Inda ya fi kai mutane shi ne Bayada. Ana ce masa tsibiri, amma ba ƙasa ko bishiya a wurin. Tudun farin yashi ne a tsakiyar teku, ruwa ya lulluɓe shi, wani wuri iya gwiwa, wani iya ƙugu, kuma garau yake har kana ganin yatsun ƙafarka. A kewayensa duwatsun murjani ne da kifaye kala-kala. Ranar hutu za ka tarar da jirage sun yi da'ira, wasu na gasa kifi, wasu na jan yara a kan balan-balan mai siffar ayaba, wasu kuma sun tsaya kawai a cikin ruwa suna hira kamar a ƙofar gida. In baƙi masu son nutso ne, yakan wuce da su wajen Abu Ɗair inda wani tsohon jirgi ya nutse. In masu kamun kifi ne, ya san inda kifin najil ke kwana. Abin da aka kama abokin aikinsa Muath ke gasawa, a barbaɗa yajin tsire da matar Abu Saif ke dakawa, Larabawa na ci suna hawaye suna neman ƙari.

Muath ɗan asalin Yaman ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya manyanta shi ma. Shi ne ƙafar jirgin a cikin ruwa. Shi ke sauka ya duba inda anga ta faɗa, don Abu Saif ba ya yarda ta taɓa murjani, sai yashi. Shi ke riƙe hannun matsorata. Abu Saif kuma yana sama, idonsa na kan kowane kai da ke yawo a ruwa, bakinsa na motsi. Ba wanda ke sauka daga jirginsa ba rigar ceto, ko da ya rantse an haife shi a cikin teku ne. Yana da huɗubar da yake yi kafin a sauka, da Larabci, da ɗan Turancin da ya tsinta, da Hausa in an samu namu: kada a taɓa, kada a taka, kada a ɗauko, kada a yi nisa. Saboda wannan tsananin ne iyaye mata ke miƙa wa juna lambarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar farko shi ne yadda yake tarbar duk wanda ya hawo. Kafin mutum ya goge fuska zai ji tambaya: "Esh shuft? Me ka gani?" Kuma ba tambayar ladabi ba ce. Zai tsare ka sai ka faɗa. Wane launi? Bakinsa kamar na aku? Shi kaɗai ne ko da matarsa? Yana da wani gwangwani da aka yanke gindinsa aka manna gilashi, irin na tsofaffin masunta, yakan sunkuya daga gefen jirgi ya dafa shi a kan ruwa ya leƙa. Da wannan gwangwanin da bakunan baƙi ya gina duk abin da ya sani na ƙasan teku. Zai ce wa yarinya, "Bi ta hagun dutsen can, akwai wani mai ɗigo-ɗigo yana jiranki," ta je ta tarar da shi.

Muath ne ya fara tsegunta mini, muna cin kifi.

"Ka ga rayyis ɗin nan? Ƙafarsa ta fi hamadar Rub'ul Khali bushewa. Tambaye shi."

Na tambaye shi a hanyar komawa, bai ɓoye ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Fatsuma, ta zo ƙasar nan tana yarinya, bayan iyayenta sun yi shekaru a hanya suna noman auduga a Sudan, suka ƙetaro daga Sawakin a jirgin katako. Ta girma a Jidda, ta auri Ubale, wani tela a unguwar Balad. Abdulghani ne ɗansu na fari. Yana ƙarami Ubale ya hau jirgi zuwa Sudan da niyyar ya bi ta ƙasa ya je Katagum ya ga tsohuwarsa. Bai dawo ba. Sai daga baya wasu alhazai suka kawo labarin ciwo ya kama shi a hanya, an binne shi a can. Hajiya ta riƙe 'ya'yanta da sayar da ƙosai da koko. Ba ta taɓa yi wa Abdulghani zancen ubansa ba, abin da ya sani daga maƙwabta ya ji, da Larabci.

Ba zancen uban kaɗai ba, zance gaba ɗaya ba ya haɗa su. Hajiya 'yar zamanin da ce, mai alkunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in tana son gaya masa abu sai ta gaya wa wanda ke kusa: "A ce wa mai jirgi abinci na nan." Da ya zama saurayi ya samu aikin wanke jirage a Abhur, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya faɗa mata. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsincewa har ya zaci ba ta ji ba. Sannan ta ce, kamar da tiren take magana:

"A je. Amma kada a shiga ruwa. In aka shiga ruwa ban yafe ba."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Shi ma bai ƙara ba, ya ce "To, Inna," ya tashi.

"Amma Kawu," na ce, "mai jirgi bai iya iyo ba?"

"Wa ya ce ban iya ba? Na koya a kwamin wanka na gidan shaƙatawa, ruwan famfo. Ai Maliya take nufi, in ba haka ba ko wanka ba zan yi ba." Igiya ta watso mana ruwa a fuska, ya lashe leɓe ya yi dariya. "Wannan kuma ita ke shigo mini, ba ni na shiga mata ba."

"In wani zai nutse fa?"

"Rai daban ne. Na yanke tun tuni, in ya kai ga rai zan faɗa, in je in durƙusa daga baya. Shi ya sa nake hana abin ya kai can. Ka zaci don Allah ya yi ni mai faɗa ne nake ɗaure kowa da riga?"

Muath bai taɓa fahimtar wannan al'amari ba. Shi yakan sumbaci kan mahaifiyarsa da safe, su yi gardama da rana, su shirya da yamma. Ya sha ce wa Abu Saif, "Ya akhi, uwarka ce, ba wazirin cikin gida ba. Shiga ka tambaye ta!" Har wajen wani shehi ya je ya samo masa fatawa cewa irin wannan hanin ba ya ɗaure mutum har abada. Abu Saif ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Shehin ne ya haife ni?" A gida kuma ya hana matarsa da 'ya'yansa ɗaga maganar a gaban Hajiya. Ya ce tsakaninsa da ita ne, kuma maganar da uwa ta rufe da "ban yafe ba", ba a aika yaro ya buɗe ta.

Da haka aka yi ta tafiya, da ba don Hajiya ta fara mantuwa ba. Da farko abin dariya ne, ta nemi carbin da ke hannunta. Sai ta fara kiran jikarta Hind da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun a Sudan. Likita ya ce ciwon hanya ɗaya yake bi, ba ya juyowa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a benci a ƙofar gidansu, Abu Saif ya ce da ni, ba tare da na tambaya ba:

"In ta tafi da maganar nan, ko maganar ta fice daga kanta tana raye, halas, an kulle. Ba mai buɗe mini. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ya ustaz, ina so in gani. Na gaji da aron ido."

Ya sha zuwa bakin ƙofarta da niyya. Sai ya durƙusa, ya gaishe ta, ta amsa wa bango, ya tambayi ƙafarta, ya tashi. Mutumin da ke tsawata wa manyan attajirai a kan rigar ceto ya kasa haɗa jimla ɗaya a gaban wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba.

Hind ce ta buɗe hanya ba da saninta ba. Ma'aikaciyar jinya ce, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai Larabci ya riga ta. Tana zaune kusa da kakarta, wadda take kira Sitti, tana nuna mata hotunan Bayada a waya.

"Ina ne nan?" in ji Hajiya.

"Bahar, ya Sitti. Maliya. Wajen shugul... wajen aikin Baba."

"Ƙarya ne. Maliya baƙa ce. Ni na hau ta, na yi amai a cikinta."

"Wallah hiya, Sitti!"

"To a kai ni in ga ƙaryar."

Hind ta ɗauka wasa ne. Washegari Hajiya ta manta ta karya kumallo, amma ba ta manta wannan ba. Ta ce a tambayi mai jirgi yaushe ne tafiyar.

Cikin hutun ƙaramar Sallah aka yi ta. Abu Saif ya gaya wa kafilinsa ranar ta iyali ce. Ya ce in zo in riƙe wa Hajiya lema, amma na san so yake a samu wani namiji mai jin Hausa a kusa, ko don ya ji kunyar fasawa. A bakin jirgi ya miƙa wa Hind rigar ceto ta ɗaura wa kakarta a kan mayafi.

"Sun ɗaure ni kamar buhun gero," in ji Hajiya. "A ce wa mai jirgi in ya kifar da ni, shi da Allah."

Da muka fita fili ruwan ya yi duhu, ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Ba na faɗa ba?" Ta runtse ido ta kama jan carbi. Ko abu salama ba ta yarda ta kalla ba. Abu Saif ya tuƙa jirgin a hankali yadda ban taɓa ganin ya yi ba, yana kaucewa kowace igiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Da muka iso ya kashe inji, Muath ya sauka ya gyara anga.

"Sitti, fattihi, buɗe ido," in ji Hind.

Ta buɗe. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta sunkuya ta ga yashi fari a ƙasa da inuwar jirginmu kwance a kansa. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Wa ya wanke ta?" ta ce.

Sauran iyalin suka sauka ɗaya bayan ɗaya, bayan sun sha huɗuba kamar kowane baƙo. Wurin cike yake da jiragen masu hutun Sallah, ana kiɗa a wani, hayaƙin gashi na tashi a wani. Hind ta ɗan yi iyo ta hawo tana ɗiga, ta ce wa kakarta akwai murjani a ƙasa. Hajiya ta ce murjani a wuyan amarya yake. Abu Saif ya ɗauko gwangwaninsa ya miƙa wa Hind, ta dafa mata shi a kan ruwa ta gefen da dutsen yake. Tsohuwa ta leƙa, ta ce "Ikon Allah," ta sake leƙawa, ta ce wancan mai ruwan ɗorawa ya yi kama da wata maƙwabciyarta mai son kwalliya.

Ina kallon Abu Saif. Ya goge sitiyari, ya naɗe igiyar da take a naɗe, ya buɗe kula ya rufe. Na ga alamar yau ma gaisuwa za a yi a tashi. Sai Hajiya ta ɗago daga gwangwanin ta dubi mutanen da ke tsaye a ruwa, ta dubi takalminsa ta gefen ido.

"Ke, tambayi ubanki. Kowa ya sauka, shi me yake tsaro? Jirgin ne zai gudu? Ga wani takalmi kamar mai yashe kwata."

Hind ta dubi babanta. Ya saki igiyar, ya zo ya durƙusa a daɓen jirgin, ɗan nesa da ita kamar yadda ya saba a bakin ƙofa.

"Inna, ai ke kika hana."

"Me ya ce?" ta tambayi Hind, alhali ta ji.

"Ya ce inti... ke kin hana shi, Sitti."

"Ni? Na hana shi me?"

Na ga fuskarsa ta faɗi. Abin da yake tsoro ke nan, a ce maganar ta riga ta fice. Ya fara tuna mata a hankali: ranar da ya samu aiki, yadda ya durƙusa, shinkafar da take tsincewa, da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har da "ban yafe ba".

"Na tuna tiren," in ji Hajiya. "Mai zanen dabino. Na faɗa, kuma ban janye ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

"To mene ne na sunkuyar da kai?" ta ce wa Hind. "Ai bai shiga ba. Ga shi nan a zaune. Da ya shiga ruwa da yanzu yana Sudan, ko inda Allah ya jefa shi, kamar ubansa. Kawunki ma ruwa ya shiga. Mijin maƙwabciyata Hikima ya shiga ruwa, har ta mutu tana jira. Lokacin nan duk yaron da ya samu aiki a bakin teku, kafin ka ankara manyan jirage sun ɗauke shi. Ni ɗaya zan ba Maliya mutum biyu?"

A nan ne na gane, kuma na ga shi ma ya gane. A bakin Hajiya da tsararrakinta, waɗanda suka ƙetaro da ƙafarsu, shiga ruwa shi ne hawa babban jirgi a tsallaka. Haka suke faɗa a tsakaninsu, wane ya shiga ruwa, wance ta shiga ruwa. Ɗanta kuwa haihuwar Jidda ne, makarantar Larabci ya yi, Hausarsa ta tsakar gida ce, ta ci da sha da aike. Ya ji ruwa, ya ji shiga, ya haɗa.

Hind ta dafe ƙirji. "Ya'ani, Sitti... sibaha, wanka cikin bahar, ma fi mushkila? Babu komai?"

"Wanka? Ina ruwana da wankansa? Ni na zaci a ciki yake yini, shi ya sa ya ƙara baƙi."

Muath na rataye a tsanin jirgi, ya ga fuskokinmu ya ce a fassara masa. Da na fassara, ya saki tsanin ya faɗa ruwa da baya. Ya taso yana tari yana dariya. "Talatin sana, ya Rayyis! Shekara talatin!" Sai ya lura shi kaɗai ke dariya, ya kama bakinsa.

Hajiya ba ta kula shi ba. Ta juyo gaba ɗaya, da rigar ceton da komai, ta dubi ɗanta. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, kuma daga baya Hind ta ce ita ma ba ta taɓa gani ba.

"Tun ranar?"

"Tun ranar, Inna."

"Ko ƙafa?"

"Ko ƙafa."

Ta dubi takalmin ta daɗe. Ta ja bakin mayafi ta goge hanci.

"Kai wawa ne," ta ce. "Ba ka da baki?" Ya sunkuyar da kai. Ta ƙara da cewa, "Ko Hausar ce ba ka ji, ko ni ce ban iya faɗa ba. Tashi ka je."

Bai tashi ba. "Ki faɗa da bakinki, Inna."

"Me zan faɗa? Abin da ban hana ba?"

"Duk da haka."

Ta kalli ruwan, ta kalli can yamma inda ba a ganin komai sai shuɗi.

"Shiga," ta ce. "Shiga ruwa. Amma ka fito."

Ya zauna ya cire takalmin. Ƙafafun sun koɗe, sun fi sauran jikinsa haske, kamar ba nasa ba. Ya ɗauki rigar ceto ya saka, don dokar jirgin ba ta ware rayyis ba. Muath ya hawo ya ja masa maɗauran da ƙarfi fiye da kima, ya gyara murya ya karanto masa huɗubarsa kaf: kada a taɓa, kada a taka, kada a ɗauko, kada a yi nisa. "Fahimt, ya walad? Ko in maimaita da Hausa?"

"Allah ya shirye ka," in ji Abu Saif.

Ya yi bismillah ya sauke ƙafar dama. Ruwan ya kai masa ƙugu. Ya tsaya yana motsa yatsu a cikin yashi, yana kallonsu. Sannan ya saka gilashi, ya kama bututun numfashi da baki, ya kwanta a kan ruwa ya nufi dutsen da ya yi shekaru yana tura mutane hagunsa.

Ya daɗe. Muna ganin bayan rigarsa na yawo a hankali, ya tsaya nan, ya matsa can. Hajiya ta koma jan carbi, amma idonta na kansa.

"Ya daɗe," ta ce. Jim kaɗan ta sake cewa, "A ce ya isa haka."

Kafin a kira shi ya juyo da kansa. Ya kama tsani ya tura gilashin goshi, gemunsa na zuba. Hind ta sunkuya ta yi masa tambayarsa.

"Baba, esh shuft? Me ka gani?"

Ya girgiza kai yana haki. "Ba gani ba. Ƙara! Wurin nan ƙara yake yi, ƙas-ƙas-ƙas ta ko'ina, kamar Inna ta saka ƙosai a mai. Har haƙoran kifin harid na ji yana gurgurar dutse." Ya juya ga Muath. "Kai, duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini yana da ƙara!"

"Ai ba ka taɓa tambayar me muka ji ba," in ji Muath.

Hajiya ta ce a ba shi tawul kada mura ta kama shi, a kuma gaya masa ƙosanta bai taɓa yin ƙas-ƙas ba, sai dai na wasu.

Yanzu in ka je Abhur za ka same shi da takalmin robar nan dai, ya ce ƙafa ta saba. Idonsa na kan baƙi kamar da, ba ya sauka sai kowa ya hawo ya zauna cin kifi, sannan ya ba Muath tsaro ya ɗan kwanta a kan ruwa. Tambayarsa ta zama biyu, me ka gani, me kuma ka ji.

Mantuwar Hajiya ta yi nisa tun daga lokacin. Ba ta tuna an kai ta Bayada, ta koma cewa Maliya baƙa ce, wani lokaci ba ta gane ɗakinta. Amma kullum da yamma, in ta ji an turo ƙofar gida, ta ji takun takalmin roba a tsakar gida, takan juya ga Hind.

"Ya fito?"

"Ya fito, Sitti."

Sai ta ce a gaya wa mai jirgi abinci na nan.